Inuwar Benen Mai Siminti

Masu cewa in share hawayena in gode wa Allah tunda na samu mai gina mini bene, na ga saƙonninku, kuma ban ji haushi ba. Da ni ce a gefe ina karantawa, abin da zan rubuta ke nan, wataƙila ma in haɗa da tsaki. Amma yau ku ara mini kunnuwanku, don benen nan da kuke taya ni murna a kansa shi ne ya hana abinci wucewa ta maƙogwarona.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni ma'aikaciya ce a tashar auna yanayi da ke bakin gari. Kada ku hango wani katafaren ofis. Ɗaki biyu ne da banɗaki, sai fili da aka kewaye da waya, ciyawarsa a aske. A cikin filin akwai farin akwatin katako mai dogayen ƙafafu inda ma'aunin zafi yake zaune a inuwa. Akwai gwangwani mai mazurari da ke tarar ruwan sama, da dogon ƙarfe mai kofuna a kai suna juyawa in iska ta taso. Sai wanda na fi so, wani ƙwallon gilashi a kan ginshiƙi. In rana ta fito takan ratsa ta cikinsa ta ƙona siririn layi a jikin katin da nake saƙalawa a bayansa. Da yamma in na zare katin, tsawon ƙunar shi ke gaya mini yawan hasken da aka samu a yinin.

Aikina in karanta su a lokutan da aka tsayar, in tura. Lambobin ba a garinmu suke tsayawa ba. Wata cibiya suke zuwa a wata ƙasa, daga can a raba wa kowa. A daidai lokacin da nake leƙa farin akwatina, akwai wata a wani tsibiri tana leƙa nata, akwai wani cikin ƙanƙara yana leƙa nasa. Da lambobinmu ake haɗa hasashen da kuke gani a waya kuna cewa ƙarya ne. Tasharmu ta girmi kakata, kuma tsufan nan shi ne duk darajarta, don tun da aka kafa ta ba a taɓa matsar da ita ko taku ɗaya ba. In ana son a san ko duniya zafi take ƙarawa, irinta ake tambaya.

Umma kuwa har gobe in an tambaye ta aikina cewa take, "Gadin gwangwani."

Shi kuma wanda zan aura, shagon kayan gini gare shi, yana kuma karɓar kwangila. Ranar da ya zo gyara mana wayar filin muka haɗu. Na sa masa Mai Siminti a wayata don in ba shi haushi, ya rama da kirana 'Yar Gajimare. Dogo ne, mai sanyin magana, farar rigarsa kullum da ƙurar siminti a gwiwar hannu. Zan faɗa muku tun yanzu don kada ku fara zaginsa: mutumin kirki ne. Da mugu ne da labarin nan ya zo mini da sauƙi.

Umma ta amince da shi tun ganin farko. Da aikin ne ba ta amince ba. Tashar da nisa, fitar da sassafe, ga jiran motar haya a bakin titi. Ta ce da an yi aure in ajiye, babu namijin da zai jure. Na yi kuka, na yi fushi, na daina hira a falo. Shi ne rannan ya turo mini hoton wani fili, ciyayi da wayar tasharmu a gefe.

"Kin gane nan?"

"Gabas da filinmu ne."

"Na saya. Daga ɗaki zuwa aiki ko takalmi ba sai kin sa ba. Yanzu Umma me za ta ce?"

Wallahi na ji daɗi har na rungume wayar. Amma na ja masa kunne tun a ranar. Na ce ban da bene, a yi shi can baya, ban da doguwar katanga, don na'urorinmu sarari suke so ta kowane gefe. Ya ce an gama, ranki ya daɗe.

Sai Umma ta je ganin fili. Ta sa mayafinta mai duwatsu, ta zagaya tushen ginin tana taɓe baki. Ɗiyar ƙawarta a bene take zaune, kuma ƙawar ba ta bari a manta. Umma ta ce autarta ba za ta zauna a gidan da mai wucewa zai leƙo ya ga abin da ke cikin tukunya ba. Ko kallon ɓangaren tasharmu ba ta yi ba, ga ƙofar nan a buɗe. Shi kuwa neman fada yake a wajenta, nan take ya ce za a ɗora bene, a ɗaga katanga, a shafe tsakar gida da siminti.

Na yi magana. Umma ta ce in rufe mata baki. Shi ya ce ɗan ƙari ne kaɗan. Na kai kuka wajen Oga, shugaban tasharmu, ya ce, "Ke dai kin cika tsoro, iska ƙarewa take yi?" Daga baya na ga irin tayil ɗin shagon Mai Siminti a barandar gidan Oga, na gane inda iskar ta samu yawa.

Haka ginin ya riƙa tashi a gaban idona. Katina ya fara fitowa fari fat ta ɓangaren safiya, don rana ba ta iso ƙwallon sai ta haye rufin. Kofunan iska suka koma juyin kasala. Ma'aunin zafi ya riƙa hawa, saboda katangar takan sha rana ta yi ta huci har bayan faɗuwarta. Da damina ta zo, hadari ya riƙa tasowa ta bayan benen, a tafka ruwa titi ya cika, in leƙa gwangwanina in tarar da abin da bai kai ya kawo ba. Kullum ina rubutawa, ina turawa.

Su can cibiyar ba barci suke ba. Suna jera lambobin kowace tasha da na maƙwabtanta, ko da iyakar ƙasa ta raba su. Saƙo ya zo cewa namu sun kauce, za a turo mai gwada na'urori.

Mace ce ta zo. Za ta yi sa'ar ƙanwar Umma, furfura a gaban kai, takalmi mara tsini, riga mai aljihuna da yawa. Daga ƙasar da kogin garinmu yake gangarawa ta fito. Ta sauko daga mota rungume da akwatin ƙarfe, direba ya miƙa hannu zai karɓa ta harare shi. A zuciyata na sa mata Mai Akwati. A ciki akwai na'urorin da aka riga aka gwada da wasu da suka fi su, su ma an gwada su da wasu. Ƙasa ƙasa take yawo da su, don zafin da na rubuta a nan ya zama shi ne zafin da wani zai rubuta a can in ya ji irinsa.

Ta ajiye ma'auninta kusa da namu a cikin farin akwatin, ta rufe, muka jira. Da ta buɗe, bakinsu ɗaya. Ta auna ruwa ta zuba a gwangwanin, ya nuna abin da ta zuba. Ta duba kofunan, ta goge ƙwallon da gefen hankicinta.

"Na'urorinku lafiyarsu ƙalau," in ji ta.

Oga ya washe baki. "Ai na faɗa musu. Mu nan ba ma wasa da aiki."

Ba ta kula shi ba. Ta durƙusa daidai bakin gwangwanin, ta ɗaga kai ta kalli gabas. Benen yana tsaye, sabon fenti ruwan madara, da wata ƙatuwar taga a sama tana kallonmu. Ta daɗe a durƙushe.

"Wannan na wane ne?"

Tari ya sarƙe Oga. Ya ce bari ya duba ko an kawo ruwan sanyi, ya shige ofis.

"Nawa ne," na ce. "Gidan aurena ne."

Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwarta, ta ce in zo mu sha shayi. Muka zauna a dakalin ofis, ta zuba mini a murfin fulas ɗinta. Ta ciro waya ta miƙo mini. Wani layi ne, gidaje a jere, ruwa mai launin ƙasa ya kai tagogi, wata kujera tana yawo a kai.

"Layinmu ne, bana," ta ce. "Kogin da ya bi ta bayan garinku, ta ƙofar gidanmu yake wucewa. Ruwan da ya sauka a kanku, mu ke karɓarsa daga baya. Da lambobinku muke sanin me ke tafe."

Na ajiye shayin, na yunƙura zan miƙe.

"Tsaya, ƙanwata. Ban ce ke ce ba. Tasha ɗaya ba ta cika kogi, kuma ba ta hana shi cika. Amma tashoshin wannan yanki kaɗan ne, kuma taku muka fi yarda da ita. Lissafi ya ce mana ruwan zai tsaya a gwiwa. Mahaifiyata ba ta iya tafiya. Da mun san taga zai kai, da tun da wuri mun fitar da ita. A kan ƙyaure maƙwabta suka ɗauko ta."

"Tana nan?"

"Tana nan. Amma ba ta ƙara yarda an rufe mata ƙofa ba."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "To a matsar da filin mana. Akwai sarari can yamma."

Ta girgiza kai. "Sabon fili sabuwar tasha ce, jaririya. Ana iya haɗa ta da tsohuwa in an bar su suna aiki tare na tsawon lokaci, tsohuwar tana da lafiya. Taku ba ta da shi yanzu. Da me za mu gwada?" Ta rufe fulas ɗin. "Ni abin da na gani zan rubuta. Ko hawan saman nan da katangar su sauka, ko a cire tasharku daga jerin da duniya ke karantawa. Wanne za a yi, ba ni ke zaɓa ba. Ku ne."

Da ta tafi masaukinta Oga ya kira ni ofis. Ya kunna fanka, ya kashe, ya gyara kalandar da ba ta karkace ba. Ashe izinin da hukumar gine-gine ta ba Mai Siminti bai haɗa da bene ba. In tasha ta kai ƙara a rubuce, za su zo su sauke abin da aka ƙara. Ya turo mini takardar ƙarar da ɗan yatsa ɗaya kamar mai zafi.

"Mai kula da fili ke sa hannu. Ke ce mai kula da fili."

"Kai ne shugaba, Oga."

"Ni ritaya nake jira, 'yata. In an rufe, gida zan tafi dama. Ke ce yarinya." Ya kawar da kai. "Ba dole ba ne fa. Ki yi shiru, su cire mu, wa zai sani? Ke ga gidanki."

Na koma gida na tarar Umma ta baje yadin labule a kan kujeru, wani ruwan zuma, wani ruwan toka mai ratsin azurfa. Gilashinta a kan hanci, tef ɗin awo a wuya, fuskarta cike da wani farin ciki da rabona da ganinsa tun rasuwar Abba.

"Auta, zo ki zaɓa. Na tagar saman nan ne, wai sai an haɗa faɗi biyu. Yaron nan bai san ƙaramin abu ba."

Na tsuguna a gabanta na faɗa mata komai. Na faɗi na kogin, na faɗi na tsohuwar da aka ɗauko a kan ƙyaure. Ta saurara har na gama, tana naɗe tef ɗin a yatsanta.

"Tsohuwar uwarki ce?"

"A'a, Umma."

"Ni ce uwarki?"

"Ke ce."

"To ni na ce ba za ki sa ba." Ta cire gilashin. "Mutum ya zuba ƙarfinsa ya gina miki gida a ƙofar aikin da na ce ki bari, don kawai ya faranta miki, ke kuma ki kira masa masu guduma? A ce ɗiyata ce ta rushe gidan mijinta tun ba ta shiga ba? Da wane ido zan fita? Saboda gwangwani?"

"Umma, mutane ne a ƙarshen gwangwanin."

"Allah ne ke saukar da ruwa, ba ke ba. Kin auna zai sauka, ba ki auna ba zai sauka." Muryarta ta karye. "Ni kaɗai na riƙe ku. Burina in ga kin shiga inda hankalina zai kwanta. In kika sa hannun nan, kin kunyata ni, kuma ba zan ce miki na yafe ba."

Na shiga ɗaki na rufe. Kafin in cire mayafi saƙon Yaya ya shigo, Umma ta riga ta kira ta.

"Ke dai Allah ya yaye miki baƙin naci. Duk duniya an rasa mai auna mata ruwa sai ke?"

Wani ya biyo: "Irin mijin nan ba a samunsa sau biyu. Ki yi wa kanki faɗa."

Ban ba ta amsa ba. Shi na rubuta wa: "Gobe bayan na tashi daga aiki ina son ganinka a gidan."

"Da girman kujerarki, 'Yar Gajimare. Dama akwai abin da zan nuna miki."

Washegari da yamma na sa doguwar rigata baƙa mara ado, na saka katunan ƙwallon a jaka. Makullin gidan yana jikin zoben makullaina tun ranar da aka sa ƙofa, ya ɗaura masa ɗan shuɗin zare don in riƙa gane shi. Na tarar da shi a tsakar gida yana faɗa da mai fenti. Yana ganina ya saki fuska, ya wuce gaba, muka hau.

Ɗakin yana warin sabon fenti. Tayil fari, silin mai zane, wurin fitilu an bar wayoyi a lanƙwashe. Tagar ta kusa cinye bango guda. Ya ja bokitin fenti ya kife, ya ce in zauna.

"Daidai tsayin gado ke nan, na auna. Duba."

Na duba. Ga filina gaba ɗaya a ƙasa, farin akwatin, gwangwanin, ƙwallon yana ƙyalli.

"Kina buɗe ido ki ga 'ya'yanki. Sau biyu na sa aka fasa bangon nan kafin ta zauna yadda nake so."

Jama'a, ku gaya mini, ta ina ake fara yi wa mutum irin wannan magana? Na ciro katunan na jera a kan tayil, na da a sama, na yanzu a ƙasa. Na nuna masa inda ƙunar take farawa a da, da farin da ya maye gurbinta. Na ce wannan farin inuwar ɗakin nan ce. Na faɗa masa na Mai Akwati da na takardar. Ya tsuguna yana kallo, murmushin yana janyewa a hankali.

"To a ɗauko ƙwallon a ɗora a kan rufina. Can ai rana ba ta da shamaki."

"Ba a matsar da su."

"In sayo muku sababbi, na zamani."

"Lafiyarsu ƙalau. Wurin ne ya lalace."

"Gidana ne ya lalata shi."

Na sunkuya ina gyara jerin katunan.

Ya miƙe ya je jikin tagar. "Kin san me takardar nan take nufi? Ɗan kwangilar da hukuma ta rushe wa gidan kansa. Gobe wa zai ba ni ginin kejin kaji?" Ya juyo. "Don ki ci gaba da aikin na yi. Umma cewa ta yi ki bari. Ni ne na ce a'a."

"Na sani."

"To?"

"Na faɗa maka tun farko. Sau nawa na faɗa?"

"Kin faɗa," ya ce. "Amma kina dariya kike faɗa."

Wannan maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Tsoron ɓata masa rai ya sa kullum nake naɗe ta cikin wasa, shi kuma ya karɓe ta a wasa.

"Yau ba dariya nake ba," na ce. "Ka sauke da kanka. Mu zauna a ƙasa. Wallahi ko ɗaki ɗaya ne zan zauna da kai."

"In na ce a'a fa?"

Na kalli gwangwanin can ƙasa, ɗan ƙarami, ko kyan gani ba shi da shi.

"Zan sa hannu."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Ya tattara katunan ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita bakinsu, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Allah ya ba da sa'a," ya ce. Da na kama hanyar sauka na ji muryarsa a bayana: "Bi ta jikin bango. Ba a sa ƙarfen riƙewa ba tukuna."

Washegari kafin Mai Akwati ta kama hanya na sa hannu. Ba jarumta ba ce, kada ku yabe ni. Na dai san in ban sa ba, duk damina in hadari ya haɗo zan kwanta a gadon nan ina kallon ruwa, ina tunanin ƙofar wa zai je. Mai Akwati ta ga takardar, ba ta ce na kyauta ba. Ta riƙe hannuna ta matse, ta ɗauki akwatinta ta ɗora a cinya, mota ta tashi. Oga ya jefa takardar a aljihun tebur ya ce sai mako mai zuwa zai kai.

Na rubuta wa Mai Siminti: "Na sa."

Ya karanta.

A gida ban faɗa ba. Umma ta zaɓi ruwan zuman da kanta ta kai wa tela. Ta riƙa zuba mini abinci da yawa tana cewa na rame, amarya ba ta ramewa. Ni kuwa kowace loma kamar tsakuwa. Wayata na kife, na buɗe, na kife. Hutun ƙarshen mako ya zo, wani abokin aikina ya karɓi awo, na yini a ɗaki da zazzaɓin da ban ƙirƙira ba.

Yau da safe tun daga bakin titi na jiyo ƙarar. Na ɗauka hukuma ce, sai na tuna takardar tana aljihun Oga. Na ƙara sauri, gefen rigata yana kwasar raɓa.

Kwanon rufin an sauke an jingine. Bangon saman an ci rabinsa. Leburori suna kansa, ƙura tana tashi, wasu a ƙasa sun fara da katangar. Tagar tana jingine a jikin motarsa, an cire ta lafiya, an naɗe ta da bargo. Shi yana can sama a inda ya kife mini bokiti, da guduma a hannunsa, farar rigar ta koma ruwan toka. Ya gan ni. Bai ɗaga hannu ba.

Wayata ta yi motsi. Saƙonsa ne.

"Ba sai hukuma ta zo ba. Filinki zai koma yadda yake."

Zuciyata ta yi tsalle, na fara rubuta godiya. Saƙo na biyu ya riga ni.

"Makullin ki bar shi wajen maigadi."

Na karanta, na sake karantawa. Ƙafafuna suka kai ni cikin filin ban san na shiga ba. Lokacin awo ya yi, kuma shi ba ya jiran kowa, can wasu ƙasashe an riga an buɗe fararen akwatuna. Na buɗe nawa, na goge idona da bayan hannu don in ga layin ma'aunin. Sai na ji wani ɗan ƙauri. Na waiwaya. Rana ta biyo ta inda bangon yake a da ta faɗa kan ƙwallon, wani siririn hayaƙi yana tashi daga katin, daidai wurin da ya daɗe fari.

Ƙofar shingen filin ta yi ƙara.

Umma ce. Silifas ɗin wanka a ƙafarta, mayafin da ta yafa ba na fita ba ne, a hannunta ledar tela, bakin labulen ruwan zuma yana leƙowa. Ba ta kalli benen ba, ta riga ta gani daga titi. Ta tako ciyawar da ba ta taɓa takawa ba, ta wuce ni, ta tsaya a kan gwangwanin.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Umma."

Ta sunkuya a hankali, hannu ɗaya a ƙugu saboda bayanta, ta leƙa cikin mazurarin. Ta daɗe tana leƙawa. Can sama gudumar ta tsaya. Makullin yana cikin tafin hannuna, shuɗin zaren ya jiƙe da gumi.

Ta ɗago ta dube ni, idanunta jajur.

"Auta," ta ce, "babu komai a ciki fa."